Gandun Amana ko Gandun Cin Amana? Magana a kan gadon da aka ƙi rabawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda zai gaje ƙasa da duk abin da ke kanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Yau zan yi magana a kan wata ɓarna da ta zauna daram a gidajenmu har muka daina ganinta a matsayin ɓarna. Mutum ya rasu, an yi masa sutura, an karɓi gaisuwa, jama'a sun watse. Sai babban ɗa ko ƙanen mamaci ya ce a bar gonaki da gida da dabbobi a hannunsa amana, kada gida ya watse. Shekara biyar ta wuce, goma ta wuce, ashirin ta wuce, ba a raba ba. Abin da nake so in tabbatar shi ne, wannan amana da ba ta da rubutu, ba ta da lissafi, ba ta da ranar ƙarewa, zalunci ce da aka sa wa rigar zumunci. Kuma ƙarshenta, in ba Allah Ya kiyaye ba, zauren alƙali ne, inda zumuncin da aka ce ana tsarewa yake mutuwa murus.

YADDA ABIN KE FARAWA

Duk wanda ya san Giyawa da sauran garuruwan ƙasar Goronyo, Wurno da Rabah, ya san cewa dukiyar mutanenmu ƙasa ce. Gonar tudu ta gero da dawa, da fadama ta shinkafa, albasa da tafarnuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara wa fadama daraja, har fegin da kakanni ba su ɗauka a bakin komai ba ya zama abin da ake jayayya a kansa.

A al'adarmu uba da 'ya'yansa maza suna noma gandu ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Wannan tsari ne mai kyau matuƙar uban yana raye, domin gonar tasa ce, yana da ikon ya juya ta yadda ya so. Amma daga lokacin da ransa ya fita, gonar ta tashi daga mallakarsa ta koma mallakar magada, kowa da rabonsa sananne, ko an auna da igiya ko ba a auna ba. Wan da ya ci gaba da noma ta, yana sayar da albasa yana sa kuɗin a aljihunsa, yana ƙara aure, yana zuwa Makka, ba gonar ubansa yake nomawa ba. Yana noma gonar mahaifiyarsa, da ta ƙannensa mata da ke gidajen mazajensu, da ta marayun da ba su kai su yi magana ba.

ALLAH NE YA RABA DA KANSA

Allah Maɗaukakin Sarki bai bayyana adadin raka'o'in salla a cikin Alƙur'ani ba, bai kuma faɗi nisabin zakka ba, Ya bar wa ManzonSa (SAW) bayaninsu. Amma da aka zo kan gado, Shi da kanSa Ya yanka rabi, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi, a ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i. A aya ta 7 Ya bayyana cewa maza suna da rabo, mata ma suna da rabo, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. A ayoyi na 13 da 14 Ya kira waɗannan hukunce-hukunce iyakokinSa, Ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya tsaya, Ya yi narkon wuta ga wanda ya ƙetare.

Ku tuna da sababin saukar waɗannan ayoyi. Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi shahada a yaƙin Uhudu, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya tattare dukiyar duka bisa al'adar Larabawa ta cewa wanda ba ya hawan doki ya riƙe takobi ba ya cin gado. Matar Sa'adu ba ta zauna a ɗaki tana kunya ba, ta kama hannun 'ya'yanta ta kai ƙara gaban Manzon Allah (SAW). Da hukunci ya sauka, aka umarci baffan ya ba 'yan matan sulusi biyu, ya ba uwarsu sumuni, abin da ya rage shi ne nasa. To ya ɗan'uwa mai karatu, mene ne bambancin hujjar wancan baffa da hujjar wanda yake cewa yau mace ba ta gadon gona tun da ba ta riƙe fartanya? Takobi ne kawai ya koma fartanya.

Kuma wannan cuta ba yau aka fara yaƙi da ita a ƙasarmu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya lissafa mamaye gado da babban magada ke yi a cikin bidi'o'in da ya soka a littattafansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana kwance a Wurno kusa da mu. Muna tinƙaho da su, muna kai baƙi ziyara, amma al'adar da suka yi wa'azi a kanta tana nan a rumbunanmu.

BARI MU YI LISSAFI

Mu ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da 'ya'ya mata uku, iyayensa sun riga shi. Bayan an fitar da kuɗin sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya, abin da ya rage fadama ce da aka yi wa kuɗi naira miliyan 8. Ana kasa ta kashi 8. Matar tana da kashi 1, wato miliyan 1. Kowane ɗa namiji yana da kashi 2. Kowace 'ya mace tana da kashi 1. Haɗa na uwa da na 'ya'ya mata uku, za ka samu kashi 4 cikin 8. Rabin fadamar nan cif na mata ne. Babban wan da yake taƙama gonar gidansu ce, rubu'i kawai yake da shi. Duk buhun albasa huɗu da ya kai kasuwa, bayan an cire ladan wahalarsa da kuɗin taki da man inji, uku na waɗansu ne.

Yanzu mu ƙaddara an ƙi rabawa, sai ƙanen ya rasu ya bar mahaifiyar nan tasu, da matarsa, da ɗa namiji da 'ya mace. Rubu'insa za a kasa kashi 72: uwa 12, mata 9, ɗa 34, 'ya 17. Lissafin fadamar da a da yake kan 8 ya koma kan 288 da mutuwa ɗaya tak. Wannan shi malamai ke kira munasaha, wato magaji ya mutu kafin a raba gadon farko. Idan aka ƙara shekara ashirin, mutum huɗu ko biyar suka sake rasuwa, matan suka yi wani aure a wasu garuruwa, masu haƙƙi sai su kai hamsin, wasu ba su ma san juna ba. Abin da malami ɗaya zai gama tsakanin Azahar da La'asar ya zama aikin da zai gagari alƙali shekaru.

HUJJOJIN MASU RIƘE GADO

Ba zan zalunce su ba, suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da kamar gaskiya.

Na farko, suna cewa idan aka yanka fadama gunduwa-gunduwa ba za ta ciyar da kowa ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma fiƙihu ya riga su tunaninta. A mazhabar Malikiyya rabo iri uku ne: rabon ƙuri'a bayan an daidaita kaso, rabon yarjejeniya, da rabon amfani, inda kadara take nan yadda take amma a riƙa karɓa-karɓa wajen morarta. Abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, ana sayar da shi a raba kuɗin. Magada baligai suna iya barin gona a dunƙule su zama abokan tarayya, wa ya noma a ba shi ladansa, sauran amfanin kowa ya ɗauki gwargwadon kasonsa. Wa yana iya sayen kason ƙanwarsa da farashin kasuwa, ko ya karɓi hayarsa. Idan wani ya sayar wa bare da kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su biya kuɗin su karɓe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da shari'a ta hana shi ne mutum ɗaya ya ci shi kaɗai da sunan kowa.

Na biyu, suna cewa ai matan sun yafe. Ina tambaya: an gaya mata nawa ne rabonta kafin ta yafe? An damƙa mata shi a hannu ta mayar? Ko kuwa an tara ta gaban baffanni kwana bakwai da rasuwar mahaifinta, hawaye bai bushe ba, aka ce wance kin yafe ko, ta sunkuyar da kai? Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma malamai sun ce abin da aka karɓa ta hanyar kunyata mutum hukuncinsa ɗaya da abin da aka ƙwace. Mace ta san cewa in ta nemi haƙƙinta za a ce ta fitsare, za a ce mijinta ne ya zuga ta, ranar da aure ya mutu kuma ba ta da ɗakin komawa. Shirun da tsoro ya haifa ba yafiya ba ne. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa, ko waliyyinsa, ko hakimi.

Na uku, suna cewa ni nake ciyar da su, ni na aurar da su. Madalla. To ina lissafin? Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci mai riƙon maraya, in mawadaci ne ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwadon buƙata, kuma idan maraya ya yi hankali a miƙa masa dukiyarsa a kafa shaidu. Wanda ya ciyar da kai da kuɗinka sannan ya ce ka gode masa, bai yi maka alheri ba. Wanda ya yi wa ƙanwarsa gado da katifa da kwanuka na dubu ɗari uku, ya riƙe fegin miliyan ɗaya, ribar dubu ɗari bakwai ya ci, ba zumunci ya yi ba.

Na huɗu, suna cewa abin kunya ne a yi maganar gado kabari bai bushe ba. Na yarda kada a yi ta a makabarta. Amma kunyar da ke hana a tsayar da iyakar Allah, ta kuma bar mutum ya ci wuta a cikinsa kamar yadda aya ta 10 ta siffanta masu cin dukiyar marayu, wannan ba kunyar imani ba ce.

KYAUTA, WASIYYA DA WAƘAFIN DABARA

Akwai kuma waɗanda suke shirya ɓarnar tun suna raye. Uba ya ga 'ya'yansa mata sun fi yawa, ko yana son 'ya'yan ɗaki ɗaya fiye da na ɗaya ɗakin, sai ya nemi hanyar kauce wa rabon Allah.

Wani ya ce ya ba wane fadama kyauta. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA) sananne ne: mahaifinsa ya keɓance shi da kyauta, ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya ƙi, ya kira abin zalunci, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Bayan haka, a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali. Kyautar baki da uba ya ci gaba da nomawa har ya mutu, gado ce. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya gare ta.

Wasiyya iyakarta sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA), kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun amince. 'Yan bokonmu da ke zuwa wurin lauya su rubuta wasiyya irin ta Turawa su kula. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya waɗansu jihohi suka yi dokokinsu da suka ware Musulmi, har a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wata wasiyya a shari'ar Ajibaiye daga jihar Kwara saboda ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Amma ko da kotun duniya ta wuce da takarda, wanda ya rubuta ta zai tsaya shi kaɗai gaban wanda Ya saukar da Suratun Nisa'i.

Sai waƙafin iyali, wanda littattafanmu ke kira hubusi. Asalinsa alheri ne. Sayyidina Umar (RA) ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta na matalauta da dangi da matafiya. Amma idan aka tsayar da gona ga 'ya'ya maza ban da mata, Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa wannan cikin waƙafin da ya ɓaci. Waɗansu malaman mazhaba sun tsaya a kan karhanci, amma babu wanda ya yabe shi. Kuma tarihi ya nuna inda waƙafin iyali ke ƙarewa idan babu tsoron Allah da lissafi: masu cin amfani su yi ta yawa, kason kowa ya yi ta ƙanƙancewa, masu kula su yi ta ci, ƙararraki su cika kotuna. Siriya ta soke shi a 1949, Masar a 1952, Tunisiya ta rushe tsarin hubusi a 1957. Idan waƙafin da aka rubuta gaban alƙali ya iya kai wa ga haka, ina ga amanar baka da aka ƙulla a zaure ba shaida?

Wanda yake son alheri da gaske, ga ƙofa a buɗe. Jikan da mahaifinsa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado idan akwai baffanni. Masar ta yi doka a 1946 ta wajabta masa wasiyya. Mu ba mu buƙatar doka: kaka ya yi masa wasiyya daga cikin sulusinsa tun yana da lafiya, ya kafa shaidu. Nan ne wurin wasiyya, amma nan ne muka fi mantawa.

A GABAN ALƘALI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata rana ɗan ƙanwa da ya yi karatu, ko maraya da ya girma, zai ce ina gonar uwata, ina gonar ubana. Daga nan sai kotu. Ga abin da ke jiran su a can.

Abu na farko, hujja. Mai da'awa shi ke kawo shaidu, ga shi dattawan da suka san asalin gonar sun rasu. Mai riƙe da gona zai ce ubansa ne ya saya, ko an ba shi kyauta, ko ya fanso ta daga jingina da kuɗinsa.

Abu na biyu, hauzi. Alƙalanmu suna aiki da ƙa'idar Malikiyya da ke cikin littattafai irin su Tuhfa ta Ibnu Asim: wanda ya ga bare yana morar kadara shekara goma, yana nan, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin zuwa shekara arba'in. Gaskiya ne hauzi ba ya aiki a kan abin da aka tabbatar aro ne, ko jingina, ko amana. Amma wa zai tabbatar, tun da ba a rubuta ba? Haka shirun da mace ta yi don girmama wanta yake zama makamin da 'ya'yansa za su sare 'ya'yanta da shi.

Abu na uku, hurumin kotu. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraron al'amuran waƙafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi. Amma Kotun Ƙoli, a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000, ta bayyana cewa jayayyar mallakar ƙasa zalla ba ta cikin wannan hurumi. To gadon da aka bari ya tsufa yakan rikiɗe daga "a raba mana" ya koma "tawa ce, ba taku ba". Sai a yi shekaru ana hawa daga kotun shari'a ta ƙaramar hukuma zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Sakkwato, daga ƙarshe a ce kotun da ta yi hukunci ba ta da hurumi, a koma farko. Kuɗin mota, kuɗin lauya, kuɗin kai shaidu, wani lokaci har a jinginar da gonar da ake shari'a a kanta don a ci gaba da shari'ar.

Wanda ya yi nasara ma kada ya yi murna. A hadisin Ummu Salama (RA), Annabi (SAW) ya gargaɗi masu husuma cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma duk wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yanka masa. A wani hadisin, wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Hukuncin alƙali yana kashe husuma, ba ya halatta haram.

ME YA SA NAKE GAGGAWA

Domin yankinmu ba ya cikin halin da za a ce a bari sai baɗi. Ambaliyar 2010 ta shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasar Goronyo da Wurno, kuma ruwa idan ya janye ba ya barin iyakar gona yadda ya same ta. Sannan ga bala'in 'yan bindiga. A Yulin 2018 an kashe mutane da dama a Tabanni ta ƙasar Rabah. A Oktoban 2021 an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Kowane magidanci da ya faɗi a irin waɗannan hare-hare ya bar gwauruwa da marayu, ya bar gona, ya bar bashi da jinginar da shi kaɗai ya san da su. Waɗanda suka yi gudun hijira sun bar gonakinsu a hannun wasu. Shaidu sun warwatsu. An sayar da gonaki cikin gaggawa don biyan kuɗin fansa, wasu daga cikinsu gadon da ba a raba ba, ba a kuma tambayi masu kaso ba. Duk wannan shari'o'i ne da ke jiran 'ya'yanmu. Muna kuka da wanda ya zo da bindiga ya kore shanun maraya, kuma ya cancanci kuka. To wanda ya zo da carbi ya riƙe gonarsa fa?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya 'yan'uwana matasa, mu ne muka yi karatu, mu ne ke kwana a intanet muna muhawara a kan ƙablu da sadlu, da ganin wata, da wane malami ya fi wane. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa tambayar mahaifiyarsu ko an ba ta gadon mahaifinta? Nawa ne suka san cewa kuɗin makarantar da aka biya musu daga fadamar da gwaggo ke da kaso a ciki ya fito? Ina ba mu shawara da abubuwa biyar.

1. Mu koyi ilmin fara'id. Babinsa yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Wanda ya iya lissafin sakandare ba zai gagare shi ba.

2. Mu roƙi iyayenmu cikin ladabi su rubuta abin da suka mallaka, da bashin da ake bin su, da wanda suke bi, da gonakin jingina da na aro, da abin da yake na matansu ne. Sadakin da ba a biya ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali.

3. Idan an yi rasuwa, kada a wuce 'yan makonni ba a kira malami masani da shaidu ba, sai in akwai cikin da ake jira. A ƙididdige, a yi wa kadara kuɗi, a gaya wa kowa kasonsa, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Bayan haka in sun so su zauna a haɗe, su zauna bisa sharaɗi rubutacce.

4. Kason maraya a sa shi hannun amintacce da sanin alƙali, a riƙa lissafi duk kaka.

5. Gadon da ya riga ya tsufa, a nemi sulhu tun masu sani suna raye. Wanda ya ci amfani shekaru ya faɗi gaskiya, ya biya abin da zai iya, ya nemi yafiya bayan ya bayyana adadin. Sulhu da ɗan'uwa a zaure ya fi nasara a kansa a kotu.

Ga malamanmu da limamanmu kuma, Allah Ya ƙara muku daraja, ina roƙo da girmamawa: ku ne kuke wa mamaci salla, ku ake kira addu'a. Kalma ɗaya daga bakinku a zaman makoki, cewa a gaggauta biyan bashi a raba gado, ta fi rubutu ɗari irin nawa. Ga iyayenmu hakimai da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, kada hannunku ya hau takardar cinikin gonar gado sai kun ji daga bakin kowane magaji, har matan da ke cikin gida.

Ke kuma 'yar'uwa, neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne. Matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta nema, sama ta amsa mata. In kin karɓa kika ga dama kika ba ɗan'uwanki, kin samu ladan sadaka da na zumunci, shi kuma ya ci halal.

Kai kuma yaya, da kake riƙe da gandu, na san ka sha rana, na san ka ɗauki nauyi. Amma ka tuna kai ma za a wayi gari ana zaman makokinka, 'ya'yanka ƙanana suna kallon ƙanenka. Abin da kake so ya yi musu, yi wa 'ya'yan ubanka shi yau.

Allah Ya tsare cikunanmu daga haram, Ya jiƙan iyayenmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta 'yan bindiga, Ya sa mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Wallahu a'alam.